Iya Ba Ta Ɗauki Tsumma Ba

Matar da ke ɗibar jini a ɗakin gwaji na asibitin nan ta kusa hamsin. Farar rigarta sabuwa ce fil, amma hannuwanta sun yi kaushi, irin na wadda ta shekara da shekaru tana matse tsumma. Tana laluben jijiya a hannun wani dattijo, tana cewa, "Baba, kau da kai, kamar cizon sauro ne."

Sai wani ya yi tuntuɓe da bokiti, ruwa ya malale. Wata nas ta leƙo, ko kallon rigar ba ta yi ba, ta ce, "Iya, yi maza ki goge mana nan!"

Kun ji rainin wayo! Ta kusa da ni a benci ta raɗa mini cewa da shara take yi a nan. In ta tashi aiki sai ta wuce makarantar manya, daga baya ta yi kwas, ta ci jarrabawa. Duk wannan bai isa a daina ganin ta da tsintsiya ba?

Kafaɗarta ta motsa, don jiki ya saba. In ta miƙe yau, shi ke nan, gobe ma ita za a kira. Amma ba ta miƙe ba. Ta soka allura, jini ya hau.

"Sista, ina da mara lafiya a hannu," in ji ta. "A kira mai shara."

Ta danna wa dattijon auduga, ta ɗaga murya: "Na gaba!"