Gilashin da Inna ta shanya

Matso kusa ka ji, don wannan abu har yau ban gama gane kansa ba.

Shekarun da Faransanci ya ba mu kalmar "kiriz" ne, lokacin da aka yanke albashin ma'aikata, shagunan unguwarmu ta Briqueterie a Yaoundé suka koma wurin hira. Autanmu yana karatun kimiyya a jami'a, shekararsa ta ƙarshe. Malamai suka daina zuwa, aka rufe ɗakin gwaje-gwajen da yake kira labo. Ran nan sai ga shi da ƙaramin akwati naɗe da baƙin ƙyalle.

"Yaya, ki ajiye min wannan inda rana ba ta kaiwa. Digirina ke ciki."

A ɗaki ya buɗe min. Gilasai ne guda biyu, kowane bai fi faɗin ɗan yatsa ba, an shafa musu wani abu ruwan ƙasa kamar shayin da ya bushe a kofi. Ya ce sunansa fularen, ɗan'uwan gawayi ne, sai dai ƙwayoyinsa a dunƙule suke kamar ƙwallon ƙafa. Malaminsa ne ya zo da shi daga Turai, babu wani da za a sake samu a ƙasar nan.

"To me yake yi?"

"Haske yake fitarwa."

Na rufe taga, na zuba ido. Shiru.

"Auta, ko ya mutu a hanya?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai sai an sanyaya shi fiye da ƙanƙara, an haska masa wata fitila, sannan ya amsa da ɗan jan haske wanda na'ura ce kaɗai take gani sosai. Abu mai ba da haske, ana ɓoye shi a duhu, kuma ido bai ganin hasken! Na dai sa shi a langar da ke can ƙasan kabad.

Ka san damina a Yaoundé. Komai sai ya yi funfuna, har takalmi. Shi ya sa ranar da rana ta leƙo, Innarmu ba ta barin ko tsinke a ɗaki. Na je kasuwar Mokolo cefane, na dawo na tarar da tsakar gida cike da katifu, zannuwa, languna duk a buɗe. Gilashi ɗaya yana kan turmi yana shan rana. Ɗayan ya maƙale a ƙyallen, shi ya tsira.

Da Auta ya shigo ya gani, sai ya zauna a ƙasa, da wandonsa mai guga.

"Inna, me kika yi min?"

"Na shanya maka shi, ja'iri. Ƙyallen har wari yake. Ba carbina mai haske ma sai ya sha rana yake kamawa ba?"

"Wannan ba carbi ba ne, Inna!"

"To ai shi ya sa bai taɓa haskawa ba, kun hana shi rana."

Wallahi ni ma a raina na fi gane maganar Inna.

Ya daina cin abinci sosai har aka buɗe labo. Ranar da ya kai gilasan a gwada, na kasa ko ɗora tukunya. Da la'asar ya dawo da takarda mai zanen tudu biyu, ɗaya ya ɗan gusa gefe, ya baje.

"Ga hasken," in ji shi. "Kowane gilashi da tudunsa, wanda ya gusa na wanda ya sha rana ne."

"Ya lalace ko bai lalace ba?"

"Ya canja. Rana ta sa ƙwallayen sun kama hannun juna."

Malamin ya yi faɗa, amma ya ce ya rubuta a kan bambancin biyun, tunda babu wani. Haka ya samu digirin da ƙyar. Inna ta rasu tana cewa ita ta gyara masa.

Ni kuwa tudu biyu kawai na gani a takarda. Kai da ka yi boko, gaya min tsakani da Allah: hasken da ido bai gani, da me ya fi duhu?