Yadda Baba Yake Riƙe Hannun Yaro

Jiya a unguwar Laranto na ga babbar 'yata Hadiza ta kama ƙanenta a wuyan hannu za su tsallaka titi, sai na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa. Tsohon direban motar kuza ne, kuma bai yarda a riƙe yaro a tafin hannu ba. Ya kan ce tafin yaro gumi ne da man ƙosai, santsi gare shi.

Wata safiya muna hanyar kasuwa tare da Baba, Hadiza tana shekara huɗu, ta hango mai alewa a tsallake, ta zabura. Hannun Baba mai kanta, da ke riƙe da wuyan hannunta, bai sake ta ba. Tifa ta wuce gabanmu, iskarta ta ɗaga mini mayafi. Na yi salati. Shi kuwa ya tsuguna yana murmushi.

"Amarya, guje mini za ki yi ki auri mai alewa? Tsaya tukuna. Dubi hagu, dubi dama, ki sake duban hagu. Me kika gani?"

"Ba komai, Kaka."

"To, mu je in ga wanda ya fi ni."

Har muka haye bai saki wuyan hannunta ba.

Allah ya tsallakar da shi siraɗi lafiya, ya raya mana jikokinsa.