Fitilar da Awudu ya juya wa ƙofata

Awudu mai lantarki ya rasu. Da safiyar nan labarin ya same ni, ina zaune a bakin ƙofa da buta a hannu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙaninsa ne ya tsallako lungu ya faɗa mini. Jiya ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki a unguwar Krofrom, aka kai shi asibiti, bai kai asuba ba.

Ni kuwa tun kafin a faɗa jikina ya ba ni. Na fito alwala, fitila ta kama, na jira muryarsa daga taga. Shiru.

Waɗanda ba su san lungunmu ba, bari in gaya muku zancen fitilar nan.

Da daminar bara santsi ya kwashe ni a bakin kwata da asuba. Ina kwance a wurin har gari ya waye, ba wanda ya sani. Ni kaɗai nake a ɗakin tun rasuwar matata. Da ɗan ƙanena Nasiru ya ji, sai ya zo da mota, wai in tattara in koma gidansa a unguwar Kwadaso. Yaron kirki ne, ban ce ba. Amma na san gidan. Katanga doguwa, get a kulle, kowa ya tafi aiki, ko kiran salla sai ka kasa kunne.

Awudu yana tsaye yana jinmu. Ya ce, "Nasiru, bar mana tsohonmu. Ni zan riƙa duba shi."

Washegari sai ga shi da tsani da wata fitila mai sensa, irin wadda ke kamawa da kanta idan ta ga motsi. Rana ce ke yi mata caji, ko an ɗauke wuta ba ruwanta. Ya huda bango, ya ɗaura ta, sannan ya juya idonta ya kalli ƙofata, ba titi ba.

Masu shan koko a bakin lungu suka yi ta dariya. "Masta Awudu, ɓarawo daga cikin ɗaki zai fito?"

Ya ce, "Me zai sata a nan, tsohon rediyo? Tsoho nake gadi."

Tagarsa tana kallon ƙofata. In na fito alwala, hasken ya faɗa ɗakinsa, ya san na kwana lafiya. In bai gani ba, ya zo ya buga.

Ranar gwaji ya sa ni na yi ta kai da komo da sandata, fitila ta ƙi kamawa. Ya riƙe tsani yana dariya har da hawaye. "Tsoho, tafiyarka ta yi sanyi, ta ɗauka kai ma bango ne!" Ya sauko da ita ƙasa kaɗan, ya murɗa wani abu a gindinta, sai ta gan ni.

Na ce to, in akuya ce ta gifta fa? Ya ce, "Akuya ba ta tari irin naka."

Tun daga ranar, kowace asuba sai na ji daga taga: "An gan ka, Tsoho!"

Ba ɗana ba ne. Iyayensa daga Nijar suka zo, nawa daga arewa. Lungu ne kawai ya haɗa mu.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Juma'a ne bayan la'asar. Ya hau tsani ya share yanar gizo daga idon fitilar. Na ce masa ya rage yawon aiki, fuskarsa ta faɗa. Ya ce, "Kai dai ka ci abinci. Kai za ka binne mu duka."

Wasa yake yi. Ga shi yau da sandata zan bi gawarsa.

Ko wanka ba a yi masa ba Nasiru ya bugo waya. "Baba, yanzu wa zai duba ka? Zan turo mota ranar Asabar."

Na ajiye wayar. Na lallaba na tsallaka yi wa Hawa, matar Awudu, ta'aziyya. Tana kuka ta ɗago ta ce, "Baba, ai ni nake fara ganin hasken, ni nake tada shi. Tagar tana nan. Ba zan yi kira ba, amma zan ƙwanƙwasa katakon."

To Nasiru, na san kana karanta wannan. Allah ya yi maka albarka, amma kada ka turo mota. A lungun nan na tsufa, a nan aka san tarina. Fitilar nan ba mai cire ta, ni ma ba mai cire ni sai wanda ya ɗauki Awudu.

Ya Allah, bawanka ya haskaka mini ƙofa, ka haskaka masa kabarinsa. Ka yafe masa, ka ba Hawa da yara haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa Awudu a addu'a. Masu wucewa masallaci da asuba kuma, ku ɗan waiga. In kun ga duhu a ƙofata, ku buga.