Tsibirin da Lukhoi Ya Kafa Wa Turke

A bakin ƙofar bukkata muka yi faɗan nan da Lukhoi, ina zaune ina ɗinke raga, shi kuma yana tsaye cikin kwalekwalen haya da takalmi sau-ciki a ƙafarsa. Ɗan yayana ne, yana ce mini Ine, wato goggo, ni kuma ina ce masa Ibungo, kamar a ce ɗana. Ya zo gaya mini zai kawo abokan aikinsa tafkin Loktak su yi Asabar da Lahadi, su kama kifi, su kwana a tanti. Da na tambaye shi inda za su kafa tantin, sai ya miƙo mini wayarsa, wai ga wurin nan, wani jan ɗigo. Na ce masa ni ban iya karatun ɗigo ba, amma na gane fumdin da yake nufi, wato tsibirin ciyawar nan na gabas da ƙauyen Thanga, kuma ba a ɗaure yake ba. In dai a kansa zai kwana, ya sa a soka gora goma sha biyu har su kama laka, a ɗaure da igiya.

Ya yi dariya irin ta mutanen ofis. "Ine, shekara talatin da uku ina auna ƙasa. Na'urar nan ba ta taɓa yi mini kuskuren taki ɗaya ba."

"Ƙasa kake aunawa, Ibungo. Wannan ciyawa ce ta ruɓe ta kama juna take yawo a kan ruwa."

Ya ce ai a kanta aka haife shi, ya san ta, da rani zama take yi daram. Na ce masa boko ya cinye masa ido ya bar masa tabarau. Ya ajiye mini ledar biskit, na ce ya kwashe abinsa, haƙorana ba su roƙe shi ba. Haka muka rabu.

Gaskiya ne a kan fumdi aka haife shi, a bukkar da ke kusa da tawa. Yana da shekara tara tari ya kama shi ya ƙi sakinsa, ubansa ya ce sanyin ruwa ne, ya kai shi birnin Imphal wajen kawunsa. Can ya yi makaranta, can ya zama safiyo. Kowa ya shaide shi da abu ɗaya: in Lukhoi ya kafa turke a iyakar fili, ko uban wa ya zo ba zai matsar da shi ba. An yi masa barazana, an kawo masa kaji, an taɓa mayar da shi wani ƙauyen kan dutse shekara huɗu saboda taurin kan nan, bai canza ba. Ya auri Bimola, 'yar wata mai sayar da zannuwa a kasuwar mata, mace mai sanyin magana wadda ruwan da ta sani bai wuce na baho ba. Suka haifi 'ya'ya biyu, duk sun yi aure sun watse. Tafki kuwa sai an yi mutuwa yake zuwa, ya yi gaisuwa ya koma kafin rana ta faɗi.

Abin da ya riƙe a kansa tafkin ƙuruciyarsa ne. A wancan zamani in rani ya yi ruwa na janyewa, fumdi ya sauka ya zauna a kan laka, yara su yi kokawa a kai. Tun da aka tare ruwan da dam, shekaru masu yawa ke nan, ruwa bai ƙara sauka ba, fumdi bai ƙara taɓa ƙasa ba. Ya ji ana faɗa, ya ma karanta a takarda. Amma bai taɓa kwana ya gani ba.

Da ritayarsa ta matso, abokan ofis suka matsa masa. Shekara da shekaru suna kiransa ɗan tafki, ko kifi ɗaya bai taɓa kama musu ba. Wani abokinsa Iboyaima, mai ƙaton ciki da yawan barkwanci, ya ce kafin a sallame shi sai ya nuna musu gidan ubansa. Lukhoi ya ɗauki abin kamar aikin gwamnati. Wata uku yana shiri. Ya yi hayar ƙananan kwalekwalen roba guda shida daga garin Moirang, irin masu cin mutum ɗaya, masu launin lemo. Ya rubuta komai a takarda: tanti uku, fatsa, tana, risho, shinkafa, daddawar kifin da muke kira ngari, barkono, maganin sauro, har da lokacin tashi da lokacin shan shayi. Ya sayi rigunan hana nutsewa guda shida, ya sa kowa ya gwada tasa a ofis. Sau biyu ya zo duba wuri. Zuwan farko ya kafa turken ƙarfe a tsakiyar fumdin, ya ɗaura masa jan ƙyalle, ya ɗauki lambar wurin a na'ura. Zuwa na biyu ya tarar da turken daidai inda lambar ta ce. Duk ranakun biyu ko ganye ba ya motsi.

Da farko ba da Bimola aka shirya ba. Iboyaima ne ya tuna cewa duk cikinsu babu wanda ya iya kirɓa eromba kamar Bimola, kifi kuwa babu wannan haɗin na kayan lambu da barkono ɓarna ne. Lukhoi ya yi mako guda yana lallashinta. Ya ce ko yatsanta ba zai taɓa ruwa ba, jirgi mai inji zai kai ta da kaya, ta zauna a tudu ƙarƙashin laima ta huta da ciwon gwiwarta. Shi ya sa bai saya mata riga ba. Mai zama a tudu me zai yi da ita?

Ranar Asabar da hantsi jirgin ya sauke su ya juya, sai Lahadi da yamma zai dawo. Bimola ta taka fumdin ta ji yana lotsawa kamar katifa, ta kama hannun mijinta. Ya ce mata haka yake, ta dai zauna a tsakiya, gefe ne ba shi da kauri. Suka kafa tantuna, suka ɗora mata risho a kan katako. Da za su tafi ya karɓi wayarta, don ta fi tasa ɗaukar hoto, ya jefa a jakar leda tare da tasa.

Kifi ya yi musu kirki ranar nan. Iboyaima ya kife sau ɗaya, rigar ta ɗago shi yana tofar da ruwa, suka yi ta yi masa dariya. Da rana ta take iska ta taso daga kudu maso yamma, irin ta ƙarshen rani. Ba abin da ya dame su da ita sai feshin da take yi musu a fuska. Suka shige bayan wasu dogayen ciyayi suka ci gaba da jefa fatsa. Sai da yunwa ta ciyo su Lukhoi ya fito da waya ya shige gaba, su biyar na bin sa a layi.

Wayar ta ce sun iso. Ya ɗaga kai. Ruwa ne shimfiɗe ko'ina, yana ta 'yan tsalle-tsalle. Babu tanti, babu laima, babu jan ƙyalle.

Ya duba wayar, ya duba ruwan. Ya zagaya wurin sau uku. Ya zura filafilinsa ƙasa har hannunsa ya jiƙe zuwa kafaɗa, bai taɓo komai ba. Iboyaima ya ce a hankali ko na'urar ce ta ɓata, kuma karo na farko ke nan a rayuwarsa da Lukhoi ya so a ce haka ne. Amma ga dutsen Thanga nan inda ya bar shi da safe. Wani daga cikinsu ya hango abu yana lilo can gefe, suka tuƙa suka je. Ɓallen fumdi ne kamar faɗin tabarma biyu, da igiyar tanti a jikinsa, da farantin roba ɗaya.

Lukhoi ya danna lambar Bimola, ya kara a kunne. Wayar ta yi ƙara a cikin jakar da ke tsakanin ƙafafunsa. Ya zauna yana kallon jakar har ƙarar ta yanke. Daga nan ya buɗe baki ya kira sunanta, shi da bai taɓa faɗar sunan nan a gaban mutane ba, ya yi ta kira har muryarsa ta dishe. Iska ta kwashe. Sai a lokacin ya dubi ƙirjinsa ya ga rigar hana nutsewa, ya tuna guda nawa ya saya.

Haka ya iso ƙofata, tafukansa sun yi bororo sun fashe, tabarau ya faɗi a ruwa. Bakinsa na motsi, abin da ya fito kawai shi ne, "Ine, ta nutse."

Ban zage shi ba, babu lokaci. Na ce masa fumdi ba ya nutsewa haka kawai, tafiya yake yi, sai dai in ya yage. Na tambaye shi girman ɓallen da suka gani, ya kwatanta. Na tura sauran su je Thanga su taso masu jirgin inji, na ce shi ya bar wannan kwanon wasan yaran ya shigo kwalekwalena ya zauna baya. Na dubi inda ciyayi suka kwanta, muka bi bayan iska.

Mun yi tafiyar da ta fi awa guda. Duk fumdin da muka hanga sai ya miƙe tsaye, in ce ya zauna kafin ya kifar da mu. Ya yi ta rantse-rantse ƙasa-ƙasa, wai in an same ta ba zai ƙara kaza ba, zai yi kaza. Na ce ya adana numfashinsa ya tuƙa. Ni kaina na san abin da iska irin wannan take yi wa fumdi marar kauri in ta haɗa shi da wani.

Can arewa, inda masunta suka jera gora suka yi shinge, muka hango shuɗin tanti. Guda ɗaya. Fumdin ya maƙale a shingen, ya koma rabin girmansa, gefensa a yayyage kamar kare ya ci zane. Tanti biyu sun tafi, shinkafa ta tafi, risho ya tafi. A tsakiya Bimola na zaune a kan kular kifi, ruwa ya kai mata idon sawu, ta rungume turken ƙarfen da hannu biyu. Ba kuka take yi ba. Idonta a buɗe yake, ba ta ƙiftawa. Daga baya ta gaya mini tana yanka albasa ta ɗaga kai ta ga dutse yana ƙanƙancewa, ta ɗauka jiri ne, sai da ƙasa ta tsage a gabanta ta tafi da tanti.

Lukhoi ya diro zai ruga, ƙafarsa ta burma har cinya. Na ce ya kwanta rub da ciki ya ja jiki kamar yadda aka koya masa yana yaro. Ya isa gare ta, ya cire rigarsa ya sa mata, ya miƙa hannu. Ta dubi hannun kamar ba ta san mai shi ba. Sai da na matso da kwalekwale na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya daga ƙarfen, sannan ta kama zanena ta shigo.

A hanyar komawa ta zauna tsakiya ta juya masa baya. Mun yi nisa kaɗan sai na ji ya fara, da dishasshiyar muryar nan, wai abin da ya faru shi ne iskar ta sauya, kuma lambar da ya ɗauka daidai take, sai dai ruwan ne yanzu ba ya sauka kamar da. Na ji matar ta fara shessheƙa. Masu inji na tahowa daga nesa, Iboyaima a gaba yana ɗaga hannu biyu.

Na ajiye filafili na waiwayo. "Ibungo, kar ka yi mata bayanin iska. Ka kai ta gida, ka dafa ruwan zafi ta tsoma ƙafafunta, ka zauna kusa. Bakinka kuma ka rufe shi sai ranar da ta buɗe nata."