Takardar Naɗe Tsire

Jama'a, yau dariya ta mutu a bakina!

Kun san ba na naɗe tsire da jaridar Larabci, gudun kada maiƙo ya taɓa sunan Allah. Tsofaffin jaridun Turawa ake kawo mini daga Jidda.

Bayan La'asar ina bakin tukubata a unguwar Misfala, sai ga Ammu Ƙasim, tsohon nan Babuhare, wato ɗan asalin ƙasar Buhara, mai sayar da carbi. Na yago takarda zan naɗe masa. Sai ga zane! Babban limamin Kirista ne da doguwar hula, an yi masa tumbi kamar randa da kunnuwan jaki, 'yan juyin mulki na tunkuɗo shi daga kan kujera.

Na tuntsire da dariya. Na ce, "Ammu, dubi yadda suka yi da malaminsu!"

Ya karɓa. Ya ƙura wa zanen ido.

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, haka aka fara a ƙasarmu. An zana limaman Kirista, muka yi dariya irin taka. Ba a daɗe ba aka zana liman da rawani, aka manna a ƙofar masallacinmu. Mahaifina ne limamin. Da hukuma ta tafi da shi, bai dawo ba."

Tsire na ƙonewa, na kasa juya shi.

Bai yar da takardar ba. Ya ninke ta, ya cusa a tsagar bango, can sama inda muke sa takarda mai sunan Allah. Ya tafi bai karɓi tsirensa ba.