Nagoggo da Wutsiyar Faransanci

Malam Nagoggo dillalin shanu ne a kasuwar Mai'adua. Faransancinsa bai wuce na ciniki da mutanen tsallaken iyaka ba, kuma ya ishe shi har furfura ta rufe masa kai.

Sai 'yarsa Hussaina ta rasu a Abijan, aka kawo masa jikarsa Yasmin. Yarinyar ba ta jin Hausa, kuma da kyar take tuna fuskar uwarta. Wata rana ya so ba ta labarin uwar, ya ce, "Elle chante." Yarinyar ta ruga ta leƙa zaure neman uwarta, domin abin da ya faɗa shi ne tana waƙa yanzu.

Washegari ya nemi Malam Musaddiq, mai koyar da Faransanci a sakandare.

"Baba, wutsiya za ka ƙara wa kalmar," in ji malamin. "Ka ce chantait. Abin da mutum ya saba yi a da ke nan."

"Wutsiya? Ai sana'ata ce," in ji Nagoggo.

Mun sha ganinsa a gindin bishiyar bedi yana maimaita je chantais, elle chantait, nous chantions. Dillalai suna tsokanarsa da kiran monsieur irin na Faransawa, "Mushe Nagoggo, yau kuma wa ya yi waƙa?" Shi dai sai ya ci gaba da maimaitawarsa.

Ranar da ya shirya ina wurin. Ya zaunar da Yasmin ya ce a hankali, "Elle riait comme toi," wato a da uwarki takan yi dariya irin taki. Yarinyar ta matso jikinsa ta ce ya ƙara. Yana ta ƙarawa har aka kira la'asar.