Yadda Aka Rubuta Mutuwar Ɗan Makau

Makau manomin gero ne a Adabka, cikin ƙasar Bukkuyum. Bai yi boko ba, bai taɓa taka kotu ba, kuma yakan yi alfahari cewa ɗan sanda bai san ƙofar gidansa ba. Ba shi da yawan magana sai zance ya biyo ta kan iri da damina. Matarsa Hure ta haifa masa 'ya'ya da dama, amma a maza Yusufu ne kaɗai ya rayu. Da yake ɗan fari ne, Makau bai taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa, har yaron ya yi gemu, ya sayi babur yana kabu-kabu.

A kakar 1998 wani baƙo ya tare Yusufu a tasha, ya ce ya kai shi wani ƙauye ta hanyar Anka. Da hantsi masu zuwa gona suka tsince shi a gefen hanya, an sare shi a ƙeya, babu babur. Aka kai shi wani asibiti a Anka. Ko da Makau ya isa, rai ya yi halinsa.

Malamin jinya ya ja shi gefe ya ce, "Baba, raunin nan ya yi kama da sara. In sara ne, sai 'yan sanda sun zo, likita ya buɗe gawa. Zai iya kwana biyu a nan."

Makau ya dubi ɗansa kwance a kan siminti, ƙudaje sun fara taruwa. A gida kuwa an riga an soma haƙa kabari.

"Hwaɗuwa yay yi bisa babur," in ji shi. "Rubuta hakanan, ku ba ni shi in suturta shi."

Aka rubuta haɗari. Kafin magariba an rufe Yusufu. Bayan addu'ar uku Mamuda, ƙanen Hure, ya je wurin 'yan sanda a Bukkuyum da takardun babur. Dattawa sun gargaɗe shi kada ya tayar da maganar mamaci, don haka babur kawai ya ambata. Aka rubuta sata. Da bazara aka kama babur ɗin a Gummi a hannun wani mutum, kotu ta ɗaure shi 'yan watanni bisa laifin riƙe kayan sata. A can ba wanda ya san an zubar da jini.

A lokacin jihar Zamfara sabuwa ce, tana son sanin yawan laifuffukan da ake yi a cikinta. Aka turo wani jami'in ƙididdiga daga Gusau mai suna Haris, ya tattaro abin da asibitoci da 'yan sanda da kotuna suka rubuta, ya jera su gefe da gefe. Shi ne ya ga lambar babur ɗaya a Bukkuyum da Gummi, ya kuma ga ranar da aka sace shi ita ce ranar da wani ɗan kabu-kabu na Adabka ya mutu a Anka. Ya hau babur ya zo.

Makau ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ƙare masa kallo. "Kai na mai ƙidayar matattu? Albashi aka ba ka, ko lada kaka nema?"

"Albashin ma bai zo ba, Baba," in ji Haris, suka ɗan yi dariya. Sannan ya gyara zama. "A lissafinmu, bara ba a kashe kowa a hanyar nan ba. An yi haɗari ɗaya, an yi sata ɗaya. Mutumin da aka kama da babur ɗin zai fito bayan babbar sallah. In ana so a tuhume shi da kisa, sai likita ya canza abin da aka rubuta, shi kuma ya ce ba zai canza ba sai ya ga ƙashin kan da idonsa."

"Wato a tone shi."

"A tone shi, Baba. Da izininka."

Daga bayan zana Hure ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban baƙo. "Malam, shina kwance lahiya, ku tashe shi ku auna kainai kamar ƙwarya? Ban yarda ba. In an ɗaure wancan, ɗana ka dawowa?"

Makau ya sallami baƙon. Ya je wurin liman, liman ya ce larura ta halatta, amma shi uba ne, shi zai zaɓa. Ya je maƙabarta ya tsaya. Ciyawa ta rufe kabarin, wani ya dasa aduwa a kai saboda karnuka. Ya daɗe yana kallon ƙasar, ya dawo gida.

Da Haris ya sake zuwa, Makau ya tare shi tun a ƙofa. "Na gode da wahalakka. Ba ni iyawa."

"To, haɗari zai zauna a lissafi, Baba. Zan rubuta abin da na sani a gefe, amma abin da ke gefe ba a ƙidaya shi."

Bayan sallah aka saki mutumin. Makau ya ƙara shekaru yana noma, har ya rasu a daminar 2006. Kasuwar Gummi ce ya daina zuwa. Bai san fuskar mutumin ba, kuma ya gaya wa Mamuda cewa ba zai iya tsayawa cikin taro yana ba maza hannu ba, alhali bai san wane hannu yake riƙewa ba.